Tambayoyin Masu Karatu: An Sake Altaneta, Batir Bai Cika Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni mai gyaran wayoyin mota ne a Kakuri, nan Kaduna. Maigidana da ke Legas yana da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, wanda ke ɗauke da injin dizal da batir biyu masu bolt 12, ɗaya na tayar da inji, ɗaya na fitilu da firji. Na biyun ba ya cika, har an sake altaneta amma matsalar tana nan. Yaron da ke kula da jirgin ya ce ya cire kan batir inji yana aiki kuma injin bai mutu ba, don haka altaneta lafiyarta lau. An nemi in je in duba. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Kakuri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun kafin ka kama hanya, ka kira yaron nan ka hana shi sake cire kan batir inji yana aiki, domin gwajin bai tabbatar da komai ba, kuma yana iya zama sanadin wata sabuwar ɓarna. A tsohuwar motar fetur filogi na buƙatar wuta, shi ya sa mutuwar inji take nuna wani abu. Ƙaramin injin dizal na jirgin ruwa kuwa zafin matsewar iska ne ke kunna masa mai, kuma da yawansu sai an ja wata waya da ke datse man kafin su mutu, saboda haka zai ci gaba da aiki ko da an kwance altanetar an kai ta Panteka. Idan aka raba altaneta da batir tana cikin caji, ƙarfin wutar kan yi tsalle ya ƙona dayod ɗin da ke cikinta, wato ƙananan na'urorin da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Haka ma yake faruwa idan aka murɗa makunnin nan mai zagaye, wanda ke zaɓar batir na ɗaya ko na biyu ko duka, zuwa wajen kashewa alhali inji na aiki. Kada ka ɗauka sabuwar altanetar lafiya take don kawai sabuwa ce.

Abin da zai raba gardama shi ne mita. Ka bar batirin ya huta na wasu awanni ba caji ba lodi, sannan ka auna: bolt 12.6 yana nufin a cike yake, 12.2 kusan rabi ne, ƙasa da 12 kuwa ya yi ƙasa sosai. Daga nan ka tayar da inji, ka ɗaga shi zuwa wajen juyi 1,500 a minti, domin a silo altaneta ba ta ba da abin kirki. Ka auna a bayan altanetar, tsakanin babbar wayar da ke fitar da wuta da jikinta, inda ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, sannan ka auna a kan darmar batirin kanta, ba a kan ƙarfen da ya maƙale ta ba.

Idan tun a bayan altaneta lambar ba ta wuce ta batir ba, aikin da ka saba ne. Ka danna fambel da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko makamancin haka, kuma baƙar ƙura a gaban inji shaida ce cewa yana zamewa. Ka lura ko jar fitilar caji tana kamawa idan aka murɗa makulli, domin a altanetoci da yawa ta cikin wannan kwan ne wutar farko ke shiga, kuma mutuwarsa kaɗai na iya hana caji. Ka kuma mayar da mita wajen AC, wato awon wuta irin ta gida mai kai da komo, ka auna a bayan altanetar, idan ta haura rabin bolt to akwai dayod da ya ƙone.

Zargina ya fi karkata ga wani wuri dabam, wato altaneta tana ba da 14.2 amma abin da ke isa batir bai wuce 13.4 ba. Jirage da yawa masu batir biyu suna da wani ƙaramin akwati mai haƙarƙarin alminiyom da ke raba caji ta hanyar dayod, don kada batirin fitilu ya shanye na tayar da inji. Wannan akwatin yana cin kusan bolt 0.7, altaneta kuwa wutar bakinta take aunawa, ba ta san an rage a hanya ba. Batirin tayar da inji ba ya nuna damuwa saboda aikinsa na daƙiƙu kaɗan ne, amma wanda firji ke ja dare da rana ba zai taɓa cika da irin wannan wutar ba. Maganinsa shi ne a maye gurbin akwatin da rile mai haɗa batiran biyu idan caji ya fara, ko a kai wayar awon altaneta kan batirin kai tsaye idan irin mai wannan wayar ce.

Sai kuma gishiri, wanda mu a Kaduna ba mu saba faɗa da shi ba, tun da ƙurar hunturu ce abokiyar gabarmu. A bakin teku waya takan yi kyau a ido, amma idan ka feɗe robar ka tarar da tagullar ta yi baƙi ko kore har cikin tsawonta. Ka kunna fitilu da firji inji yana aiki, ka ɗora ƙafar mita ɗaya a babbar wayar bayan altaneta, ɗayar a kan fositif na batir, sannan ka maimaita a ɓangaren negatif tsakanin jikin inji da batir. Bayan ka cire abin da akwatin dayod ke ci, duk ɓangaren da ya nuna kusan rabin bolt akwai mahaɗar da ta ci tsatsa, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da sanfefa, wayar da ta ruɓe kuma a sake ta da wadda aka yi wa rufin kuza.

Ka tambayi maigidanka tsawon lokacin da injin ke aiki. Irin wannan jirgi yakan kunna inji ne kawai wajen fita da shigowa, kuma batir mai amfiya-awa 100 (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) da ya sauka rabi yana neman fiye da 50, alhali altanetar da ke ba da amfiya 30 na rabin awa amfiya-awa 15 kawai ta mayar. Batirin da ya daɗe a haka farantansa kan daskare, ya riƙa hawa bolt 14 cikin mintuna ya kuma zube da zarar an kunna firji, kuma wannan sai dai a sake shi a haɗa wa sabon farantin sola. Ka buɗe ɗakin batirin ya sha iska kafin ka taɓa sifana, domin iskar haidurojin da caji ke fitarwa tana taruwa a rufaffen wuri, kuma ka fara cire negatif bayan ka kashe inji.