Tambaya da Amsa: Hoton bakin kogi na dala miliyan huɗu

Tambaya: Malam, ni mai hoto ne a Garwa, shekara goma sha biyu ina bin biki da suna. Ƙanena ya nuna mini hoton wani kogi a waya, ba mutum ba kwalekwale, sai ruwa da ciyawa, wai an saye shi sama da dala miliyan huɗu. Ga Binuwai nan a bayan gidanmu. Turawan nan lafiyarsu kuwa?

Amsa: Malam, ni ma da na fara ganinsa sai da na yi salati. Hoton Andreas Gursky ne, Bajamushe, na kogin Rayin, an sayar da shi a 2011 kan dala miliyan 4.3. A bango ya haura mita uku a faɗi, waya ta cuce shi. Kuma mutumin ya sa kwamfuta ya share masu yawo da karnuka da ginin masana'anta, har abin ya koma layi-layi kamar saƙi. Kuɗin kam, rabinsa suna ne da gasar attajirai, wannan ba zan ɓoye maka ba.

Yabon masana kuwa wani abu ne daban. Ana yaba idon da ya tsaya a inda kowa ke wucewa. Sarki bisa doki ranar hawan salla, ko yaro ya ɗauka zai yi kyau, dokin ne ya yi aikin. Amma buta a gindin darbejiya da la'asar, babu mai taimakonka sai haske da inda ka tsaya.

Kada ka raina aikinka. Malick Sidibé na Bamako ɗan'uwanka ne a sana'a, abin da ya riƙa ɗauka: dandalin samari, biki, matasa suna wanka a bakin kogin Kwara. Hotunan da aka riƙa saya don a sa a albam su suka kai shi karɓar babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na birnin Banis, a Italiya, a 2007. Samuel Fosso, shi ma mai hoto, haifaffen Kumba a Kamaru, da ragowar fim yake ɗaukar kansa a shagonsa na Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, don ya aika wa kakarsa a Najeriya.

Ni abin da ke damuna, tsofaffin hotunan gidanmu a Marwa gara ta cinye su. Akwai ɗaya na mahaifiyata tana surfen gero, bayanta ga rumbun da aka rushe tuni. Yau da zan same shi, ko nawa ne zan biya.

Negatif ɗinka na da, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, suna ina? Cire su daga kwali ka sa a akwatin ƙarfe kafin damina.