Faransanci ne ke ɓoye a ƙarƙashin Ingilishinka

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka rubuta takardar neman aiki da Ingilishi, abokinka ɗan Bamenda, yankin Kamaru da ake Ingilishi, ya duba ya ce duk gyara ce, alhali a lise, wato sakandare, kana cin Ingilishi sosai, wai ina matsalar take. To ni na daɗe ina rubuta wa 'yan kasuwar Garwa takardun kaya zuwa Yola da Mubi, kuma wallahi ba Ingilishin ne ya wahalar da ni ba, Faransancin da muka sha a lekol, wato makaranta, ne ke bin mu.

Lamba ce ta fara kunyata ni. Mu masu Faransanci in mun rubuta 2,5 biyu da rabi ne, su masu Ingilishi kuwa 2.5 suke sawa, waƙafi na dubbai ne. Na taɓa sa tan 2,500 na albasa ina nufin biyu da rabi, sai Alhajin da ke jira a Yola ya bugo yana tambaya wai tirela nawa zai nemo, ranar kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tunda neman aiki kake, duba waɗannan da kyau don na san suna ciki. Formation a Ingilishi training ne, assister à taro kuma attend ne ba assist ba, assist taimako ne. Actually ba actuellement ba ce, currently ake cewa. Shekaru ma ba a cewa I have 25 years, I am 25 ne, sannan depuis ɗin nan ta rabu biyu, for three years amma since 2021.

Monday, January, English duk da babban harafi suke farawa. Kuma ba a barin fili kafin alamar tambaya, wannan sau da yawa ba kai ba ne, Word ɗin Faransanci na kwamfuta ne ke sawa da kansa, canza masa harshe tun kafin ka fara.

Colour ko color ba abin faɗa ba ne, na farko na Ingila ne, shi 'yan Bamenda da Najeriya ke bi, kada dai ka gauraya. Doguwar veuillez agréer ɗinmu ta rufe wasiƙa kuwa kada ka fassara ta, in ka buɗe da Dear Sir ka rufe da Yours faithfully, in da sunan mutum ne Yours sincerely, shi ke nan.

Turo min takardar in duba bayan isha'i in Allah ya yarda.