Lambobin yabon maigida basu fito a takardar sallamarsa ta soja ba, ya zamuyi?

Assalamu alaikum Barista, dan Allah shawara nake nema akan maigidana. A Bronx ta birnin New York muke zaune, shi ɗan Kano ne, ya shiga sojan ƙasa na Amurka a 2004 aka kaishi Iraƙi daga 2006 zuwa 2007, direba ne cikin ayarin motocin da suke kai kaya, bam ɗin gefen hanya ya tashi da motarsu har ya suma kuma har yau akwai tabon ƙarfe a kafaɗarsa. A 2009 ya bar aiki. Toh kwanaki munje neman haƙƙinsa a VA, ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, sai matar da take taimaka mana ta duba DD 214 ɗinsa, wato takardar sallamarsa, tace babu Purple Heart, lambar waɗanda aka raunata a yaƙi, babu Combat Action Badge, lambar waɗanda suka yi arangama da abokan gaba, har wata lamba Army Commendation Medal da kwamandansa ya maƙala masa da hannunsa a gaban jama'a itama bata ciki alhali takardarta na cikin akwatinsa. Shi yace a bar maganar ya gaji, ni kuma abin yana cina a rai wallahi. Wai lokaci ya wuce ne? Kuma dole sai mun ɗauki lauya?

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya saka miki da alheri da kika tsaya akan maganar nan. Lokaci bai wuce ba, kuma a matakin da kuke yanzun ba sai kun biya lauya ko sisi ba. Amma inaso ki gane tun farko cewa lambobin nan uku da kika lissafa ba hanya ɗaya zasu bi ba, kuma abinda yafi ɓata wa mutane shekaru shine su kwashe komai su zuba a fom ɗaya su aika wa babban kwamiti, bayan wata da watanni a dawo musu dashi ace ku fara zuwa ofishin da ya dace tukun.

Kafin komai ki sake ɗauko DD 214 ɗin. Gida na 13 shine inda ake jera lambobi, gidan ƙarami ne, in ya cika sai su rubuta a ƙarshensa cewa a duba gida na 18, ragowar na can a cakuɗe da wasu bayanai cikin ƙananan baƙi. Mutane da yawa basa kai ido wajen. In kin duba nan ma babu toh shikenan da gaske an tsallake.

Ta cikin akwatin itace mai sauƙi. Ki duba takardar da kyau, a ƙasanta zaki ga lambar oda da kwanan wata da sunan rundunar da ta bayar, wannan lambar odar itace hujja, ita lambar ƙarfen da ake maƙalawa a ƙirji ko a shago ana sayenta saboda haka bata tabbatar da komai. In akwai fom ɗin da aka cika aka nema masa ita, DA 638, ku haɗa dashi. Wannan ba jayayya bace, an riga an bashi, magatakardan da ya buga takardar sallama ne bai gani a fayil ba. Sai a tura kwafi zuwa hukumar kula da ma'aikatan sojan ƙasa, HRC, da ke Fort Knox a jihar Kentucky, a nemi gyara, su kuma su fitar da DD 215 wadda itace takardar gyaran DD 214, ko su sake buga sabuwa. Kwafi zaku tura Hajiya, dan Allah kar asalin takardar ya bar gidanku. A wasiƙar guda ku roƙa su duba duk abinda ya cancanta, saboda wanda yayi Iraƙi a shekarun nan yana da Iraq Campaign Medal da taurarinta, sannan akwai lambobin da ake ba bataliya gaba ɗaya waɗanda sau tari sai bayan shekaru ake amincewa dasu, lokacin sojan ya daɗe da komawa gida bai ma san anyi ba.

Purple Heart kam itace aikin, kuma anan nakeso ku zuba ƙarfinku. Ita ba lambar da kwamanda yake ga dama ya bayar bace, haƙƙi ce, duk wanda ya cika sharaɗi ya cancanta kuma babu wa'adin nemanta. Sharaɗin dai shine raunin ya fito daga hannun abokan gaba, ya kai girman da sai likita ya duba shi, kuma an rubuta maganin da akayi masa a fayil ɗin lafiya na soja. Na farkon baku da matsala dashi, bam ɗin gefen hanya yana ciki ƙarara. Na ƙarshen ne yake kada mutane, don a ayari irin nasu yawanci ma'aikacin jinyar da ke tare dasu ne zai zare ƙarfen ya ɗaure wajen, mutum ya sha maganin ciwon kai washegari ya koma sitiyari, ba wanda ya rubuta komai. Dokar lambobin sojan ƙasa, AR 600-8-22, ta yarda da maganin da wanda ba cikakken likita ba yayi amma fa sai likita ya rubuta a fayil cewa raunin ya kai wanda da yana wajen shi zai duba. Maganar suman da kika ambata tana da nauyi sosai, domin tun 2011 sojan suka fayyace cewa buguwar ƙwaƙwalwa daga fashewar bam tana iya jawo Purple Heart, in mutum ya fita hayyacinsa ko kuma likita ya hana shi cikakken aiki sama da awa 48 saboda alamun da suka ƙi tafiya. Ki lura a 2006 ba'a ɗauki wannan da muhimmanci ba kamar yanzun, shi yasa sojojin shekarunsa da yawa aka tsallake su. Amma ƙarar kunne kaɗai ko ciwon firgici na PTSD basa kawo ta, gara in faɗa miki tun yanzun.

Toh ina za'a samo takardun? Fayil ɗin aikinsa tunda bayan 2002 ya fita yana kwamfuta, zai iya nema ta shafin milConnect ko ya cika fom SF 180. Fayil ɗin lafiyarsa na lokacin soja yana hannun VA, ku nemi cikakken kwafi, ku zauna ku bi shi shafi shafi kuna neman takardar SF 600, wadda ake rubuta bayanin duba mara lafiya a kai, mai kwanan watan da abin ya faru ko kwana biyu uku bayansa, ko layi ɗaya ne likita ya rubuta da hannu ya isa ya juya shari'ar. Ku duba kuma fom ɗin tambayoyin lafiya da suke cikawa in zasu dawo daga fagen daga, DD 2796. In har an kwantar dashi a asibiti, ko a Balad ko Bagadaza ko Landstuhl na Jamus, takardun kwanciya ba'a ajiye su cikin fayil ɗin mutum, ana ajiye su ne da sunan asibitin da shekarar, saboda haka sai an nema daban a cibiyar adana bayanai ta St. Louis an faɗi sunan asibiti da watan. Za kiji masu cewa ai takardun soja duk sun ƙone a St. Louis, gobarar 1973 suke nufi, ta cinye na tsofaffin da suka fita tun kafin 1964 ne, ba ruwanta da maigida.

Sai shaidu. Ana son bayanin mutum biyu aƙalla, banda shi kansa, waɗanda suke wajen suka gani da idonsu. Kar su rubuta yabo, jarumi ne mutumin kirki ne, wannan baya ƙara komai. Su faɗi ranar, hanyar da ake kai, mota ta nawa ce a ayarin, waye ya jawo shi daga ciki, minti nawa yayi bai farfaɗo ba, ina jinin yake, waye ya ɗaure shi, su sa hannu a gaban notari, wato jami'in da yake tabbatar da sa hannu. Yawancin bataliyoyin nan suna da zaurensu a Facebook, nan ake samo tsofaffin abokan aiki. Shima ya rubuta nasa shafi ɗaya. Shaidun nan su zasu yi muku aikin Combat Action Badge ɗin ma, ita an ƙirƙiro ta a 2005 saboda irinsu direbobi da makanikai da ba sojan ƙafa ba amma wuta ta same su, abinda ake so a nuna shine yana wajen da kansa lokacin da abokan gaba suka kai harin. Duka biyun, ita da Purple Heart, sashen lambobin yabo na HRC ake fara kaiwa.

In HRC suka ƙi, sannan ne za'a hau sama zuwa kwamitin gyaran bayanan sojan ƙasa, ABCMR, da fom DD 149. Farar hula ne suke zama a kwamitin, sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin Amurka ya basu ikon gyara kuskure ko zalunci a fayil ɗin soja, kuma kyauta ne. Anan maganar lokaci take shigowa, doka tace shekara 3, amma daga ranar da aka gano kuskuren ake ƙirgawa, kuma ko an wuce kwamitin yana da ikon ɗauke kai in adalci ya buƙaci haka, akwai gida a fom ɗin da zai yi bayanin dalilin jinkiri. Ya faɗi gaskiya kawai, yaushe ya gano, kuma halin da lafiyarsa take ciki tun dawowarsa. Abinda nakeso ki riƙe game da kwamitin nan shine basa fita bincike, suna farawa ne da ɗaukar cewa abinda ke fayil daidai ne, ku ne zaku kawo abinda zai rinjaya. Doka ta basu wata 10 su gama kashi 90 na ƙorafe-ƙorafe, duka kuma cikin wata 18, a aikace yana iya jan lokaci fiye da haka saboda haka kar ku karaya in kunji shiru. In sun ƙi kuma daga baya kuka samu sabuwar hujja kuna iya neman su sake dubawa, bayan nan akwai kotun tarayya cikin shekara 6, toh anan ne zan ce ku nemi lauya. Ki kiyaye kar wani ya baku DD 293, wancan na masu neman a canza musu nau'in sallama ne.

Kin ce ya gaji, kuma na fahimce shi, sake tono ranar da bam ya tashi da kai ba ƙaramin abu bane. Amma maganar ta wuce ado a bango. Ita Purple Heart bata kawo albashin wata da kanta, kar wani ya ruɗe ku, sai dai tana ɗaga shi zuwa rukuni na 3 na fifiko a asibitocin VA in bai riga ya wuce nan ba, tana bashi maki 10 na fifiko wajen neman aikin gwamnatin tarayya, sannan ita da Combat Action Badge hujja ce mai ƙarfi cewa ya shiga yaƙi, wanda hakan yana sauƙaƙa masa sosai in yana neman diyyar PTSD ko ciwon kai, basai an tsaya ana ce masa kawo shaidar abinda ya faru ba. A ganina wannan kaɗai ya isa dalili. Sai dai kafin takarda ta fito kar ya rubuta a fom ɗin neman aiki ko tallafi cewa yana da su, dokar Stolen Valor ta 2013 ta sa iƙirarin ƙarya na irin lambobin nan don samun kuɗi ko wani amfani ya zama laifi, nasan shi ba maƙaryaci bane amma ba'a son abinda zai jawo tambaya.

Abu ɗaya da bazaki iya yi masa ba shine sa hannu. Tunda yana raye kuma da hankalinsa shi zai sa hannu a duk fom ɗin nan, mata ko magada suna nema ne in mutum ya rasu ko baya iya kula da kansa. Amma tattara takardu da neman lambobin wayar abokansa da buga wasiƙa duk kina iyawa, kuma wakilan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irinsu DAV da VFW da American Legion suna taimakawa kyauta. Inda nine zan fara da ta akwatin, ki ce masa sa hannu ɗaya kawai kike so, ku tura ta tare da neman fayil ɗin lafiyar a sati ɗaya. In fayil ɗin ya iso ki sake rubuto min abinda kuka gani a watan da abin ya faru, daga nan zamu san shaidu nawa za'a nema da kuma abinda za'a tambaye su.