Jiki na iya yaƙar sankara da kansa?

Likita, sankarar mama ce ta ɗauke yayata bara. Na ji wai an samo allurar da ke sa jiki ya yaƙi cutar da kansa. Gaskiya ne?
Mai karatu, Tudun Wada, Zariya

Allah ya jiƙanta, 'yar'uwa. Gaskiya ne. Sojojin jininmu suna da birki, sankara kuwa ta iya taka shi don ta ɓuya. Masana kimiyya James Allison da Tasuku Honjo suka gano hanyar sakin birkin, har suka ci kyautar Nobel a 2018. Sai dai allurar, irin su Keytruda, tsada kamar me, kuma ba kowa take yi wa aiki ba.

Ni ke ce damuwata, tunda wani lokaci abin na bin jini. In kin ji ƙullutu a nono ko hammata, ki nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe.