Jirgin sama mara inji: a ina haɗarinsa yake ga mai koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sami damar shiga ƙungiyar masu tuƙa jirgin sama mara inji, wanda ake kira gilaida, kuma an ce a jirgi mai kujera biyu za a fara koya mini. Ina da sha'awa ƙwarai, amma hankalina bai kwanta ba. Jirgin da ba shi da inji, idan wani abu ya taso a sama, me mutum zai kama? Kuma me ya kamata in fi sa wa ido tun daga farko?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoron nan naka ba laifi ba ne, sai dai ka ɗora shi a inda bai dace ba. Rashin inji ba ya kayar da gilaida, domin tun a wurin ƙira ba a dogara da inji ba. Ɗauki gilaida samfurin ASK 21, wanda kamfanin Schleicher na Jamus ya fito da shi a 1979, kuma har yau yana cikin jiragen da aka fi koyarwa da su a duniya. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 17 ne. Duk mita ɗaya da ya sauka, yana cin kusan mita 34 a gaba. Wato daga tsayin mita 1,000, idan iska a kwance take, zai kai ka kusan kilomita 34 kafin ya taɓa ƙasa. Wannan ba faɗuwa ba ce, gangara ce a tsanake, kuma idan matuƙi ya dace da iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa, sai ya yi ta kewaya a cikinta yana hawa, yadda ungulu ke yi.

Kai za ka zauna a gaba, malaminka a baya, kowa da sandar tuƙinsa da fedojinsa na ƙafa masu juya hancin jirgi dama ko hagu, kuma a haɗe suke. Ba a karɓar tuƙi da ka. Mai karɓa zai faɗa da baki cewa jirgi yana hannunsa, mai bayarwa ya amsa, sannan ya saki. Ka riƙe wannan da muhimmanci, domin babu abin da ya kai muni kamar kowannenku ya ɗauka ɗayan ne ke tuƙi. Maɗaukan da ke gabanka kuma launi ya bambanta su: rawaya na sakin igiya ne, shuɗi na birkin iska mai rage tsayi wajen sauka, kore na daidaita nauyin sanda, ja na cire murfin gilashi idan gaggawa ta taso. Ka san wurin kowanne har hannunka ya iya kai masa ido a rufe.

Abin da ke cin rayukan masu gilaida shi ne gudu ya ragu alhali ana kusa da ƙasa. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska na bi ta kansa daidai. Idan ka ɗaga hancin jirgi fiye da kima, iskar sai ta rabu da bayan fiffike, ɗauka ta gushe, hanci ya faɗi. A ASK 21 wannan na faruwa a wajen kilomita 65 a awa idan mutum ɗaya ne a ciki, wajen 74 idan biyu ne, idan ana tafiya miƙe. A cikin kwana kuwa iyakar tana hawa: idan ka karkata jirgin digiri 60, sai ta ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Irin wannan sarewar fiffike ce ta kayar da Otto Lilienthal a 1896, mutumin da ya buɗe wa duniya wannan fanni, kuma ita ce ta yi ajalinsa.

Maganinta ɗaya ne, a tura sanda gaba. Nan wahalar take, domin wanda ya ga ƙasa na tahowa, jikinsa ja baya yake ce masa. Shi ya sa malami zai kai ka sama sosai, ya sa ka sarar da fiffike da gangan, sau da yawa. Za ka ji ƙarar iska ta yi shiru, sanda ta yi laushi a hannu, jirgin ya ɗan yi rawa, sannan hanci ya sunkuya. Kada ka ƙosa da maimaita wannan darasi, kada kuma ka ji kunyar roƙon a ƙara maka. A ganina babu darasin da ya kai shi daraja a dukan horon.

Wajen tashi, ko dai ƙaramin jirgi mai inji ya ja ku, ko injin naɗe igiya da ke can ƙarshen fili ya fizge ku. Na biyun ya fi sauri da ban mamaki: cikin 'yan daƙiƙoƙi kun bar ƙasa, kafin minti ɗaya kun kai mita 300 zuwa 500. Hannunka na hagu ya kasance a kan maɗaukin nan rawaya tun kafin jirgi ya motsa. Idan fiffike ɗaya ya nufi ƙasa kuma ka kasa ɗago shi, saki igiya nan take, tun bai taɓa ciyawa ba. Fiffiken da ya kafe a ƙasa ana cikin ja yana iya wuntsula jirgin gaba ɗaya.

Igiya kuma tana tsinkewa, har ma an sa mata wani mahaɗi da aka yi shi domin ya katse idan ja ya yi yawa. Idan ta tsinke hancin jirgi na kallon sama, gudu na zubewa da sauri. Ka sunkuyar da hanci, ka jira agogon gudu ya nuna gudun sauka, ka ja rawaya don sakin guntun igiya, sannan ka yanke shawara. In akwai sauran fili a gabanka, sauka a gaba. Jiran nan na 'yan daƙiƙoƙi shi ne mutane ke tsallakewa, su fara kwana da jirgin da bai tara gudu ba. Kafin kowane tashi, ka faɗa wa malaminka da baki abin da za ka yi idan igiya ta tsinke a tsayi kaza.

A kan gilashin da ke gabanka za ka ga ɗan guntun zare an liƙa shi da salatif. Kada ka raina shi. Idan ya miƙe tsaye zuwa baya, jirgi na ratsa iska daidai; idan ya kauce gefe, hannunka da ƙafarka ba su jitu ba. Fikafikan gilaida dogaye ne, don haka idan ka karkata sanda ba ka taka feda ba, hanci sai ya fara juyawa ɗaya ɓangaren. Kwana da gudu kaɗan, ga feda an danna fiye da kima, shi ke jefa jirgi cikin juyawar da ba a fita daga ita idan ƙasa ta kusa. Kwanar ƙarshe kafin sauka ita ce aka fi yin wannan kuskure, saboda haka ake koyar da a kammala ta da sauran tsayi, wajen mita 100.

Sauka sau ɗaya ake yinta, babu komawa a sake zagayowa. Ana shigowa da tsayin da ya ɗan wuce buƙata, a rage shi da birkin iska, sanda kuma ta riƙe gudu. A ASK 21 ba a yin ƙasa da kilomita 90 a awa, kuma ana ƙarawa idan iska na kaɗawa.

Ka faɗi nauyinka na gaskiya. Kujerar gaba ta ASK 21 tana son tsakanin kilo 70 da 110 haɗe da laimar sauka. Wanda bai kai ba, sai a ƙara masa dalma, in ba haka ba jirgin ya yi nauyi ta baya, ya yi wuyar dawowa idan ya sare. Idonka kuma ya fi zama a waje fiye da kan agogo, musamman kafin kowace kwana, tun da jirage da yawa kan taru a iskar ɗumi guda.

A ƙasashe irin su Amurka, Birtaniya da Jamus, ɗan shekara 14 na iya tashi shi kaɗai idan malamai sun gamsu, don haka abin ba gagarau ba ne. Mai koyo da injin igiya yakan yi tashi da dama, sau da yawa fiye da 50, kafin a bar masa jirgi. Idan da hali ka riƙa zuwa kowane mako, domin wanda ke zuwa jefi-jefi rabin lokacinsa a tuno darasin baya yake tafiya. Ranar da kake da mura, ko ba ka yi barci ba, ko ka sha maganin da ke sa jiri, ka gaya wa malaminka ka tsaya a ƙasa kana taya riƙe fiffike da jan igiya.