An Ci Ni Tarar Fakin a Ƙofar Gidana

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Manchester, shekarata biyu a gidan da nake haya. Kuɗin hayar ya haɗa da wurin ajiye mota, lamba 14, da farin fenti ma aka rubuta ta a ƙasa. A watan jiya kamfanin da ke kula da ginin ya ɗauko masu sa ido kan fakin, suka raba mana wata 'yar takarda wai mu riƙa ɗorawa a gaban mota. Ranar Talata na dawo daga aikin dare idona kamar an zuba barkono, na bugo ƙofa na haye sama, ashe takardar ta zame ta faɗa ƙarƙashin kujera. Da azahar na sauko na tarar da wata leda ruwan ɗorawa manne a gilashi: fam 100, ko fam 60 in na biya cikin kwana 14. Abban yara ya ce in biya a huta. Ƙawata ta ce in jefa a shara, ba abin da za su iya. Ni kuma abin da ke ci mini rai, wurina ne fa, duk wata ina biya. Yaya zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da aiki. Ki gaishe mini da Abban yara da ƙawar taki, amma ki ce musu na ce dukansu biyu su dakata tukuna.

Fara ɗauko ledar ki duba wanda ya rubuta. Ta hukuma daban, ta kamfani daban, duk da cewa da gangan suke yin su iri ɗaya, har haruffan PCN ɗin da ke kansu, wato gajeren sunan takardar cajin fakin. Wadda ƙaramar hukuma ta rubuta ita ce tara ta gaske. Taki kuwa da'awa ce kawai: kamfani na cewa allon da ya kafa a bango alkawari ne tsakaninku, kin ajiye mota a ƙarƙashinsa kin yarda, kin kuma saɓa.

Da can mutane na jefawa a shara su kwana lafiya, daga nan ƙawarki ta samo maganarta. Zamanin ya wuce. Dokar 2012 ta hana ɗaure tayar mota a filin da ba na hukuma ba, amma ita ce kuma ta ba kamfanonin nan damar bin wanda sunansa ke kan rajistar mota a Ingila da Wales, ko da ba shi ya tuƙa ba. Adireshinki a wurin DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, suke samowa. Sai kuma 2015, da wani mai sayar da soyayyen kifi da dankali, Barry Beavis, ya kai kamfanin ParkingEye har Kotun Ƙoli kan fam 85 da aka caje shi a Chelmsford, inda aka ba da awa biyu kyauta ya kusa cika uku. Bai yi nasara ba. Tun daga ranar kamfanonin suka samu ƙwarin gwiwar zuwa kotu.

To amma Beavis baƙo ne a filin kantunan wasu. Ke a gidanki kike, nan ne maganar ta bambanta, kuma nan nake so ki tsaya da kyau.

Ki je ki ɗauko yarjejeniyar hayarki, wadda na san tana can cikin akwati tare da fasfo. Ki karanta duk layin da ya ambaci mota. Idan ta ce an ba ki wuri lamba 14, ba ta ce sai kin nuna wata takarda ba, to haƙƙinki ya riga allon nan zuwa da shekara biyu. Ta yaya wanda ya zo jiya zai sayar miki da izinin abin da kin riga kin biya? Bai ba ki komai ba, don haka babu alkawarin da za a ce kin saɓa. A 2016 wata mata mai suna Jopson ta tsaya a bakin ƙofar ginin da take zaune tana sauke kayan ɗaki, aka manna mata irin taki. Da aka ɗaukaka ƙara a kotun Oxford, alƙali ya ce takardar mallakar gidanta ta ba ta wannan dama, allon kamfani ba zai ƙwace mata ba. Hukuncin ƙaramar kotu ne, bai ɗaure hannun kowane alƙali ba, amma ana kawo shi ana kuma saurara.

Kada in yi miki daɗin baki. Idan yarjejeniyar ta ce dole ki nuna takarda, ko ta ce kin yarda da duk ƙa'idar da masu kula da gini za su kawo nan gaba, ƙafarki ta ɗan yi rauni. Shi ya sa nake so ki nemi mai gidan hayar ya turo miki shafin da ya yi maganar fakin a tasa takardar, domin shi ma yawanci a ƙarƙashin mai fili yake.

Hanya mafi sauƙi kuwa ba ta kotu ba ce. A gida da mai gadi ne kawai zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce Hajiya takardarki ta faɗi. A nan mai gadin shi ne kamfanin da ke kula da ginin: su suka ɗauko waɗannan mutane, suna iya cewa a soke. Ki tura musu imel yau, ki saka mai gidan a ciki, da hoton takardarki, da hoton lamba 14, da shafin hayar. Ban da waya. Maganar baki iska ce a ƙasar nan.

Lokaci guda ki tura ƙorafi ga kamfanin fakin ɗin, kina da kwana 28, amma ki yi kafin 14 ɗin su cika. Gajere, babu ban haƙuri, babu labarin aikin dare. Ki ce ke ce mai rajistar motar, ke ce mai hayar wurin, ga shaida, ba ki yarda da bashin ba. Ba dole ba ne ki faɗi wanda ya tuƙa. Kada ki biya fam 60 ɗin da niyyar ki yi jayayya daga baya, in kin biya sun rufe fayil.

Ƙila su ƙi, kada gabanki ya faɗi, haka suka saba. Sai ki duba ƙasan takardar: ƙungiyoyin kamfanonin fakin biyu ne, kowacce da wurin da ake kai ƙara in kamfani ya ƙi; in 'yan ƙungiyar BPA ne za su ba ki lambar kai ƙara POPLA, in IPC ne sai IAS. Kyauta ne, sai dai da zarar kin je can rangwamen ya tafi, an koma 100. Ni dai da takardar haya mai kyau a hannu, ba zan ji tsoron wannan fam 40 ɗin ba.

Daga nan wasiƙun masu karɓar bashi za su fara zuwa da jan rubutu, 100 ta zama 170. Waɗannan ba su da ikon shiga gidanki ko ɗaukar ko cokali sai da hukuncin kotu. Takardu biyu ne ba a wasa da su: wasiƙar gargaɗi kafin shigar da ƙara, wadda ke ba ki kwana 30, da takardar kotu kanta, wadda kike da kwana 14 ki amsa. Wanda ya yi shiru a nan ana yanke masa hukunci a bayan idonsa, in bai biya cikin wata guda ba ya zauna a sunansa shekara shida. Ke da kike haya, wataƙila gobe ki nemi bashin sayen gida, wannan tabon ya fi fam 100 tsada nesa ba kusa ba. Don haka in kun tashi daga gidan, ki sabunta adireshin rajistar motar, ki kuma sanar da kamfanin a rubuce.

Kafin nan ki samo salatif ki manne takardar a jikin gilashi, kada su ƙara miki ta biyu muna cikin ta farko. Ki turo mini shafin hayar, ki rufe sunanki da adireshi, in duba kalmomin da aka yi amfani da su.