Ya tuba kafin ya rasu, amma ba a yi masa baftisma ba

'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Kin ce Baba ya karɓi Yesu kwana uku kafin ya rasu, ba a kai ga baftisma ba, shin zai shiga mulkin sama? I, muddin tubansa daga zuciya yake. Dubi ɗan fashin da aka gicciye gefen Yesu a Luka 23. Yana rataye, ba ruwa, ba fasto, roƙonsa kawai a tuna da shi. Yesu ya ce masa a ranar nan za su kasance tare a Firdausi. Afisawa 2:8-9 ma ta ce ceto baiwar Allah ce ta wurin bangaskiya, ba ladan ayyuka ba.

Sai dai wanda ajali ya riga daban yake da wanda ke jan ƙafa da gangan. Kawuna ya tuba a kan tabarmar jinya da damina, rafi ya kawo, fasto ya kasa hayewa. Mu muka riƙe hannunsa, yana maimaita addu'ar da ƙyar. Ban taɓa shakkar inda yake ba. Amma mai ƙoshin lafiya da ke cewa "sai baɗi" duk shekara, shi kam zan tuna masa umarnin Yesu kan baftisma a Matiyu 28:19.